Sanyin Haya

Bazara ta sauke kayanta a Birnin Kebbi,
kwalta na laushi a Rafin Atiku,
sitiyari ya fi tanda zafi.
Na murɗa ɗan maɓallin nan, na kasa kunne,
sai huci ya fito, irin na bakin tanderu.
Korolata, ina kika kai sanyi?

Arzika, a garejinsa na Bayan Kara,
bai ko ɗaga murfin injin ba.
"Gas ne, Malam."
Dubu goma sha biyu na ƙirga masa ina murmushi.
Ran nan har na iso ƙofar gida ban so fita ba,
na zauna ciki kamar sabon ango.
Kwana tara muka yi ana ɗasawa.
Ran na goma, daidai kwanar Kalgo,
iska ta yi mini sauyi.

Na koma. Ya kaɗa omo a gwangwani,
yana shafa kumfa jikin tiyo
kamar mai wa jariri wanka.
Can wani wuri ya hura ƙwai.
"Ka gani? Nan ɓarawon yake."
Dubu ashirin da bakwai, har da sabon gas,
banda wanda na miƙa wa yaronsa na shayi.

Na uku fanka ce. Na huɗu fiyus,
ɗan abu bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Na biyar ya cire hula, ya sosa ƙeya,
ya daɗe yana kallon ƙasa.
Na san wannan shirun, likitoci ma suna yin sa.
"Kwampireso ne wanga karo.
Akwai na gwanjo, ta Kamba zai shigo."
Ya faɗi kuɗin a hankali,
ni kuwa na ji kafaɗuna sun yi nauyi.

Buhu biyu na shinkafar fadama suka tafi.
Tunkiyar Kulu ta bi bayansu.
Ba ta ce komai ba, sai dai tun ranar
in na ce, "Zo mu rage miki hanya,"
sai ta ce, "A'a, bar ni da kafu-kafu,
shi ba ya cin tumaki."
Maganar Kulu ba ta bin layi.

Ina da ɗan littafi a aljihun mota.
Na daina tara lissafin,
don jimlar ta fara kama da rabin fili a Badariya.

Abin kunyar da ban gaya wa kowa ba:
ran ɗaurin auren ɗan Maidamma
na shiga taro gilashi a rufe ruf,
gumi na gudu cikin babbar riga,
ina ɗaga wa mutane hannu a natse,
don kar a ce ta Malam ta sake mutuwa.
Na fito sharkaf kamar Basarke daga kogi,
wani yaro ya dube ni da tausayi.

Jiya na ɗauko Inna daga asibiti.
Na kai hannu ga maɓallin, na fara ba da haƙuri.
Ta ce, "Sauke min madubin nan.
Shekara saba'in ina shan iskar Allah,
bai taɓa aiko min da takardar biya ba."
Muka bi ta gefen fadama,
ƙamshin laka da ɗanyar shinkafa ya cika mota,
ta lumshe ido, gyalenta na kaɗawa.
Ni ma na canza ra'ayi.

Yau da asuba hadari ya haɗo daga gabas,
ruwan farko ya zuba, gari ya yi luf.
Na tada mota, gwiwata ta bugi maɓallin,
sai ga shi, ba gyara, ba kira, ba roƙo,
yana busowa har ƙashi,
yanzu da ba wanda ya nemi sanyi.